Kiɗa na kakarewa a situdiyo: abin da za a duba kafin a ce kwamfuta ta tsufa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin ƙananan situdiyon da ke unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wannan ƙara. Kiɗa na tafiya lafiya lau, mai haɗawa ya ƙara goge ko sarewa guda ta cikin kwamfuta, sai lasifika ta kama tartsatsi kamar an watsa gishiri a garwashi. Sauti ya riƙa yankewa yana dawowa, wani lokaci ma komai ya tsaya cak. Mawaƙi na tsaye gaban makirfo da kaski a kunne, ya riga ya biya, waƙar kuma ta bikin da za a yi jibi ce. Idan abin ya faru sau biyu, sau uku, wani situdiyon zai nufa, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, sai ya ja abokansa.

Shawarar da aka fi ba mai situdiyo a irin wannan hali guda ce: injinka ya tsufa, nemi sabo. Magana ce ta jikkuna masu yawa ga matashin da wataƙila bai gama biyan bashin na farkon ba. Abin takaicin shi ne akwai masu sayen sabuwar ordinatar, su girka manhajojinsu, bayan mako guda tartsatsin ya biyo su. Dalili kuwa, yawancin abubuwan da ke haddasa shi ba su da alaƙa da shekarun inji. Suna cikin saiti, da yadda aka jera aikin, da caja, da ƙura, da zafin ɗaki.

Kafin a taɓa komai, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A fitar da waƙar ta zama fayil na WAV, a rufe manhajar haɗa kiɗan, a saurare ta a waya. Idan tartsatsin na nan a wuri guda duk lokacin da aka kunna, to ya riga ya shiga cikin aikin: ko an naɗi murya da ƙarfi har ta fashe, ko wani layi ya haura ja, ko kuma ƙarar ta shiga tun sa'ad da ake naɗin. Idan kuwa fayil ɗin ya fito tas, alhali a cikin FL Studio ko Cubase yana kakarewa, to kwamfutar ta iya lissafin, abin da take kasawa shi ne ta gama shi a kan lokaci. A kan wannan matsala ta biyu za mu yi magana.

Akwai kuma wata ƙarar da ake yawan haɗawa da waɗannan: gunji mai kauri wanda ba ya yankewa, ko ana kiɗa ko ba a yi. Wannan daga wuta yake, galibi daga gidan da aka ja wa waya ba tare da ta ƙasa ba, ko daga gurup, ko daga caja maras kyau. A cire cajar a bar injin kan batir. Idan gunjin ya ɓace, mai gyaran wuta za a nema, ba mai sayar da kwamfuta ba.

Ɗan ga-ruwa da randa

Waƙoƙin fina-finan Hausa na farkon shekarun 2000, da piyanon Yamaha aka kaɗa mafi yawansu. A cikin piyanon ake ƙera sautin, aikin kwamfuta kawai ta naɗe shi. Yau abin ya juya. Tun da kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, sannan a 1999 ya buɗe shi ga kayan kiɗa, ganga da goge da piyanon kansa sun koma manhajoji, waɗanda ake kira fulogin. Kowane sauti da kunne ke ji, furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar injin, ke lissafa shi a daidai lokacin da ake jin sa.

Lissafin kuwa ba ƙarami ba ne. Domin a samu sakan guda na sauti mai ingancin faifan CD, sai an samar da ɗigon sauti 44,100 ga kowane kunne. Kwamfuta ba ta miƙa su ɗaya bayan ɗaya. Tana tara su ƙunshi-ƙunshi, kuma girman wannan ƙunshi shi ne bafa, abin da masu manhaja da Faransanci ke gani a rubuce da sunan tampon.

A ɗauka lasifika gida ce da ake ɗibar ruwa a randa ba tsayawa, furosesa kuma ɗan ga-ruwa. Idan ƙaramin bokiti yake ɗaukowa, ruwan farko zai iso da wuri, amma sai ya yi ta kai da kawowa, kuma da zarar wani ya tsayar da shi a hanya ko na ɗan lokaci ne, randa ta ƙafe. Wannan ƙafewar ita ce tartsatsin da ake ji. Idan kuwa babban tulu yake cikawa, yana da sarari, ko an tare shi gaisuwa zai iso kafin ruwa ya ƙare, sai dai mai jin ƙishi zai ɗan jira kafin kurɓin farko.

Ga yadda abin yake da lamba. Bafa mai ɗigo 128 na ba furosesa kusan milisakan 3 ta gama aikinta, wato kashi 3 cikin dubu na sakan. Mai 256 kusan 6, mai 512 kusan 12, mai 1024 kuma 23. Wanda ya bar bafarsa a 128 ya jibga fulogin talatin, ya ce wa injinsa ke nan ya lissafa su duka cikin milisakan 3, sau 344 a kowane sakan, ba tare da ya makara ko sau ɗaya ba. Ko sabon inji ne, ba ƙaramin abu aka nema daga gare shi ba.

To me ya sa ba za a sa ta a 1024 a huta ba? Saboda jinkiri. Mai piyano zai danna, sautin ya fito daga baya. Ga mawaƙi abin ya fi muni, domin sau biyu yake biyan jinkirin, lokacin da muryarsa ke shiga da lokacin da take dawo masa a kaski. Sauti na tafiyar kusan mita 3 da rabi a cikin milisakan 10, don haka jinkirin da bai wuce haka ba kamar mutum ne ya tsaya nesa kaɗan da lasifika, yawancin mutane ba sa damuwa da shi. Da ya kai 30 ko 40, mawaƙi zai fara jin kamar wani na kwaikwayonsa, ya riƙa ja da baya yana sauka daga kan kiɗa.

Maganin shi ne a daina neman lamba guda da za ta yi komai. Lokacin naɗin murya ko kaɗa piyano, a sauke bafa zuwa 128 ko 256, a kashe duk abin da bai zama dole ba. Lokacin haɗa sauti, da babu mai rerawa kuma babu mai dannawa, a ɗaga ta zuwa 1024 ko ma 2048, babu abin da za a rasa. A FL Studio, maɓallin F10 na buɗe wurin saiti, kuma a shafin Audio akwai wata lamba mai suna underruns da ke ƙirga sau nawa randar ta ƙafe. Idan tana hawa yayin da kiɗa ke tafiya, an kama ɓarawon. A sani kuma, girman bafa ba ya ƙara ko rage ingancin waƙar da za a fitar a ƙarshe.

A wannan shafin ne kuma ake zaɓen direba, wato ƴar manhajar da ke magana tsakanin FL Studio ko Cubase da katin sauti. Direban da Windows ke zuwa da shi an yi shi ne don kallon fim da kiran waya. Na aikin kiɗa shi ne ASIO, wanda shi ma Steinberg ta ƙirƙiro. Mai katin sauti irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC202HD ya sauko da direban kamfanin, ya zaɓe shi da sunansa. Ana samun wanda ya kashe kuɗi ya sayi kati mai kyau, amma ya bar manhaja tana bi ta ASIO4ALL saboda haka ya ga ubangidansa na yi. ASIO4ALL kyauta ne kuma ya taimaki mutane da yawa, amma an yi shi ne don wanda katinsa ba shi da direban kansa, kamar ƙaramin Behringer UM2, ko wanda ke aiki da ramin kaski na jikin injin.

Wani saitin da ke cin ƙarfi a banza shi ne 96,000. Wasu na ɗaga yawan ɗigon daga 44,100 zuwa can da tunanin sauti zai fi kyau. Hakan na ninka wa furosesa aiki fiye da sau biyu, ga waƙar da a ƙarshe ta WhatsApp da Bluetooth da katin memori za ta yaɗu. 44,100 ya isa waƙa, 48,000 kuma ga wadda za a ɗora a bidiyo.

Ba yawan fulogin ba, yadda aka jera su

Akwai abin da ke rikita mutane. Su buɗe Gestionnaire des tâches na Windows su ga furosesa na aiki kashi 30 cikin 100 kawai, amma ma'aunin cikin manhajar kiɗa ya kai ƙarshe, sauti na yagewa. Ba ƙarya ɗayansu ke yi ba. Furosesa ta yau na da zuciya fiye da ɗaya, 2 ko 4 ko 8, kamar shagon ɗinki mai tela huɗu. Idan riguna huɗu ne, kowa ya ɗauki tasa. Idan kuwa babbar riga guda ce, sai an yanka kafin a ɗinka, sai an ɗinka kafin a yi mata aiki, ko tela nawa ne a shagon sauran zaman jira za su yi. Haka layin murya yake idan aka ɗora masa Auto-Tune, da mai tace sauti, da mai matse shi, da amo, sannan aka tura shi wani layin da shi ma ke da nasa, daga can ya wuce babban layin ƙarshe da aka cika da kayan gyara. Zuciya guda ce ke jan wannan sarƙa daga farko zuwa ƙarshe. Ita ce ke makara, sauran na hutawa.

Shi ya sa wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne babban layin ƙarshe. Da yawa na ɗora Ozone ko makamancinsa tun daga fara aiki, don waƙa ta riƙa fita da ƙarfi a kunnen mai ita. Irin waɗannan kaya na cin furosesa, kuma wasunsu sai sun leƙa sautin da ke tafe kafin su yi aiki, abin da ke ƙara jinkiri ga dukkan layuka komai ƙanƙantar bafa. A kashe su har sai an gama naɗi.

Sai amo. Ba lallai ne kowane layi ya samu nasa fulogin na amo ba. A buɗe guda ɗaya ko biyu a layi na musamman, sauran layukan su riƙa aika masa gwargwadon bukata. Inji zai huta, kuma a ganina waƙar ma ta fi daɗi, domin ana jin kamar duk kayan kiɗan a ɗaki guda suke.

Kayan kiɗan su ma kala biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke ciwo ba. Akwai masu ƙera sauti da lissafi zalla, kamar Serum da Sylenth1, waɗanda furosesa suke ci. Serum na iya ninka kowace murya har sau 16 don ta yi kauri. Idan sautin da aka zaɓa na amfani da maɓuɓɓuga biyu, kowace da ninki 16, aka danna maɓalli huɗu lokaci guda, muryoyi 128 ke nan daga layi ɗaya. Idan kuma sautin mai doguwar jela ne, na baya ba su gama mutuwa ba sababbi za su hau kansu. A rage ninkin zuwa 4 ko 5, a gajarta jelar. A cikin waƙa mai ganga da murya, da wuya kunne ya gane bambancin.

Kala na biyu su ne masu kunna sautukan da aka naɗo daga kayan kiɗa na gaske, kamar Kontakt na kamfanin Native Instruments da ke Balin. Su RAM da faifan ajiya suke ci. Kontakt na ɗora farkon kowane sauti a RAM, sauran kuma ya riƙa janyo shi daga faifai yayin da ake kiɗa. Idan faifan tsohon yayi ne mai juyawa, sai a ji goge na yanke jela ko wasu sautukan na ɓacewa. Yana da wani umarni mai suna Purge da ke sauke duk sautin da waƙar ba ta taɓa ba, kuma sau da yawa abin da ake saukewar ya fi abin da ake amfani da shi nesa ba kusa ba. Omnisphere kuwa, mai ɗauke da sautuka na kusan giga 64, yana ci ta ɓangarorin biyu.

Dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce a mayar da layin da aka gama da shi sauti naɗaɗɗe. A Cubase da Ableton Live ana ce mata Freeze, ko Geler ga mai Faransanci, a FL Studio kuma Consolidate. Manhaja za ta lissafa layin sau ɗaya ta ajiye shi a matsayin WAV, daga nan kunna shi kawai take yi, aikin da ko waya na iyawa.  Wasu na gudun yin haka don tsoron mai waƙa zai dawo ya ce a canza. Sai a ajiye ainihin layin a kashe, ranar da ya dawo a kunna. Da wannan dabara, injin da ke shaƙewa a layi goma na iya ɗaukar arba'in. Masu FL Studio su kuma kunna Smart disable, wanda ke sa fulogin ya yi barci duk lokacin da ba ya fitar da sauti.

Bazara, ƙura da caja

Duk abin da aka faɗa zuwa nan, mai situdiyo a Faransa ko Amurka ma zai iya karanta shi a littafin manhajarsa. Abin da littafin ba ya lissafawa shi ne watan Afrilu da Mayu a Tawa ko Birnin Ƙonni, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Ɗakin situdiyo kuma an rufe taga, an manna soso a bango, an kashe fanka don kar makirfo ya ɗauki ƙararta.

Furosesa na da iyakar zafin da take ɗauka, wajen digiri 100 ga yawancin na Intel. Idan ta doshi wurin, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Alamar a bayyane take: aikin da ya tafi lafiya da safe, shi ne da azahar ke kakarewa, ko kuma minti 20 na farko lafiya, daga nan matsala. Ƙananan manhajoji na kyauta irin HWMonitor ko Core Temp na nuna zafin. Idan ana ganin 90 zuwa sama yayin kiɗa, babu saitin da zai yi magani.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne ƙurar hunturu ta taru a bakin fankar injin ta zama kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wato pâte thermique, shi kuma ya bushe. A injin okaziyo da ya yi shekara shida a wani buro a Turai kafin ya iso nan, da wuya a ce an taɓa canza shi. Mai gyara na iya buɗewa ya share ya sa sabo cikin ƙasa da awa guda. A ganina wannan aiki ne na kowace shekara, bayan hunturu kafin bazara ta kankama. Kada kuma a ɗora injin a kan katifa, darduma ko cinya. Ko marafan kwalba huɗu aka sa a ƙarƙashinsa iska ta samu hanya, an rage wani abu. Wanda ba shi da kilim ya riƙa kunna fanka tsakanin naɗi da naɗi, ya kuma kai aikin haɗa sauti mai nauyi zuwa dare ko asuba.

Sai wuta. Da an ɗauke ta injin ya koma batir, Windows na rage gudun furosesa don batir ya daɗe, nan take kiɗan da ke tafiya ya fara yagewa. A Options d'alimentation a zaɓi Performances élevées, ko Meilleures performances a sababbin injuna, a kuma hana Windows kashe ramukan USB don tsimin wuta, domin ta nan katin sauti ke shiga. Sai dai wannan zaɓi na ƙara zafi, shi ya sa sharar fanka ke zuwa kafin shi.

Caja ma na da nata. Injunan Dell, alal misali, na tantance cajar da aka sa musu ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta. Idan ba su gane ta ba, ko ƙarfinta bai kai ba, sai su rage gudun furosesa sosai, wani lokaci su ƙi cajin batir. Mutum zai yi wata yana zargin FL Studio, alhali cajar arha da ya saya bayan ta asali ta ƙone ce ta ɗaure injin. Saƙon gargaɗin na fitowa lokacin kunnawa, amma an saba danna maɓalli a wuce shi ba a karanta ba.

Mai babbar kwamfuta ta tebur kuwa, ondila ba ado ba ce a wurinsa, ko da mintin da zai ajiye aiki kawai za ta ba shi. A kuma kunna ajiyar kai-tsaye a cikin manhaja, kowane minti 5 ko 10.

Baƙin da ke cin abincin gida

Wani lokaci bafa na da girma, inji a sanyaye, layuka kaɗan, amma duk bayan ƴan sakanni sai a ji ƙas. A nan galibi wani direba ne ke riƙe furosesa na ɗan lokaci, ya hana ɗan ga-ruwa wucewa. Direban Wi-Fi na cikin waɗanda aka fi kamawa da wannan laifi, sai na Bluetooth da na katin hoto. A kashe Wi-Fi da Bluetooth lokacin aiki a gani. Manhajar LatencyMon, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa, idan aka bar ta tana gudu minti 10 za ta faɗi sunan direban. A shafin Démarrage na Gestionnaire des tâches kuma a kashe tarkacen da ke tashi tare da Windows. Riga-kafin bairos guda ya isa, biyu faɗa suke yi da juna a kan kowane fayil da aka buɗe.

Akwai maganar da ba a cika son yi ba, amma dole ce. Yawancin fulogin da ke yawo daga kile zuwa kile fasassu ne, ba a saye su ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsada, da wahalar biya ta intanet ga wanda ba shi da katin banki. To amma kyautar na iya zuwa da baƙo. A watan Yunin 2019, kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bayyana wata muguwar manhaja da ya sa wa suna LoudMiner, wadda aka ɓoye a cikin fasassun manhajojin kiɗa, ciki har da Kontakt, Nexus da Ableton Live. Aikinta ta yi amfani da furosesar mutum a ɓoye tana haƙo wa masu ita kuɗin intanet na Monero. Da gangan suka zaɓi masu kiɗa, domin injunansu na da ƙarfi, kuma sun saba ganin furosesa a cike, ba za su yi zargin komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe komai, a buɗe Gestionnaire des tâches. Idan furosesa na aiki tuƙuru, fanka na ihu, alhali ba a buɗe komai ba, akwai mai ci a gidan. A kwashe ayyuka a sake girka Windows daga tushe.

Ga wanda ke son fita daga wannan hanya a hankali, kayan da FL Studio ke zuwa da su irin FLEX da Sytrus sun isa a yi waƙa cikakkiya, Surge XT kyauta ne baki ɗaya, Reaper kuma manhaja ce maras nauyi da lasisinta na ƙaramin mai sana'a ke dalar Amurka 60.

In kuɗi ya zama dole

Idan an bi duk waɗannan abin bai canza ba, to an zo wurin kashe kuɗi, amma ba lallai na sabon inji ba. Abu na farko shi ne faifai. Tsohon faifai mai juyawa na karanta wajen mega 100 a sakan, SSD na talaka kuma wajen 500, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli da suka warwatsu, wanda shi ne aikin Kontakt, tazarar ta fi haka nesa. Na biyu RAM. Giga 4 ba ta isa ba, domin Windows kaɗai na cinye wajen rabi. Giga 8 ita ce mafi ƙaranci, 16 kuma ta wadatar ga yawancin aikin da ake yi a nan. A lura dai, SSD da RAM ba sa ƙara wa furosesa gudu. Wanda Serum ke shaƙe wa inji, ko ya sa giga 32 ba zai ga canji ba. Shafin Performances ne zai nuna wanne daga cikin ukun ke cika, furosesa, RAM ko faifai, shi za a saya wa magani.

Wanda kuwa zai canza injin gaba ɗaya, a Yamai ne ko a Kano, ya kula da tarkon i7. Mai kanti zai nuna takardar da ke manne ya ɗaga farashi, amma lambar da ke bayanta ce ke magana. Core i7-5500U da i7-7500U zuciya 2 gare su. Core i5-8250U kuwa zuciya 4 gare shi, kuma wajen aikin kiɗa ya fi su. A irin waɗannan, lambar farko bayan layin ita ce zuriyar furosesar, kuma daga zuriya ta 8 ne Windows 11 ke karɓar yawancin injunan Intel, abin da ya ƙara muhimmanci tun da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Harafin U a ƙarshe na nufin an yi ta don tsimin batir, H kuma don ƙarfi, sai dai H ta fi zafi. Mai wuri tsayayye da ba ya yawo da inji, babbar kwamfuta ta tebur ta fi masa: ta fi shan iska, ta fi sauƙin shara, kuma kuɗi ɗaya sun fi sayen ƙarfi a cikinta.

Ranar sayen, a tafi da HWMonitor a kile. A tabbatar cajar ta asali ce, a kunna injin a sa shi aiki mai nauyi na minti 15 a gaban mai kanti, ana kallon zafi da gudun furosesa. Idan ta haura digiri 90 gudun ya fara sauka tun a kanti, to ko dai a cire kuɗin shara da sabon mai daga farashin, ko a duba na gaba.